Ranar da Mijinyawa Bai Yi Gaisuwa Ba

A Lambara har gobe in mutum ya cika kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, sai a ce masa, "To Mijinyawa, mun amsa." Yawancin masu faɗin haka ba su taɓa ganin Mijinyawan ba. Waɗanda suka san shi kuwa sun san ba a yi masa adalci ba, don shi a ganinsa bai taɓa jan zance ba tun da uwarsa ta haife shi. Gaisuwa yake yi.

Manomi ne ɗan manomi, gajere, siriri, mai murya kamar ta ladan. Da damina gero da dawa, da rani albasa a fadama. Kakarsa ce ta rene shi, kuma ita ta cusa masa cewa labari kunu ne mai zafi, daga gefe ake fara shansa. Wanda ya faɗi magana a tsaye, in ji ta, ba shi da maraba da jakin da ya shigo gida ya yi kuka. Yaro ya riƙe wannan karatu ya fi riƙe na allo.

Kada a ɗauka halin nan bai yi wa gari amfani ba. In shanun ruga suka faɗa lambun wani suka tattake albasa, mai lambu ya ɗauko gatari yana rantsuwa, sai mai gari ya aiki Mijinyawa wurin ardo. Zai cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida ardo, ya gaida iyali, ya tambayi shanu, ya tambayi maruƙa, ya tambayi bijimin nan mai ɗingishi, ya tambayi ruwa da sauro da ciyawa. Kafin ya iso kan albasa, ardo da kansa ya gaji ya ce ya san abin da ya kawo shi, a je a duba ɓarnar. Ba a taɓa zubar da jini ba a rigimar da aka sa Mijinyawa a ciki. In mutuwa ce za a kai labarinta, nan ma shi ne. Mutanen karkarar duk sun iya karanta shi: in ya tambayi lafiyarka ya wuce, alheri ne ya kawo shi, in ya koma ya sake tambaya, to ka fara tattara zuciyarka wuri ɗaya.

Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Hajo, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda maganarta take fita kamar jifa. Ita ce take ba da labarin cewa ranar da ya je wurin mahaifinta don ya bayyana kansa, ya yi ta gaisuwa har aka kira sallah, ya yi sallama ya tafi bai faɗi komai ba, sai da tsohon ya aika aka dawo da shi aka tambaye shi ko Hajo yake so. Sun zauna lafiya duk da haka. Ya gaida baƙo, ita ta tambaye shi abin da yake nema.

Sai ga shekarun nan na farar hula, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kamar dā akwai wani abu a aljihun. Sabulu ya ɓata, madara ta zama labari, kananzir sai mai hanya. Ana cikin haka rikicin 'yan tatsine, wanda aka yi zaton ya ƙare a Kano, ya sake ɓullowa a wasu garuruwa. Jita-jita ta cika kasuwanni cewa waɗanda suka tsere sun bazu cikin ƙauyuka suna neman maɓoya. Tsoron na gaske ne, don an kashe mutane ba kaɗan ba, kuma akwai 'yan karkarar da suka je neman abinci birni ba su dawo ba.

Aka kafa kwamitin sa ido na ƙauyukan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari: masu gari, ardo, mafarauta, da wasu 'yan sanda da aka girke a wata rumfa a bakin titi ƙarƙashin wani Saje Mainasara. Maza zalla. Ba a ga dalilin sa mace ko ɗaya ba, alhali matan da ke tallar nono su ne suke shiga kowane gida a kowane ƙauye kafin rana ta take. Kwamitin ya zauna ya fitar da alamomin gane ɗan tatsine: ba ya ɗaura agogo, ba ya sauraron rediyo, ba ya hawa keke, ga rama, ga tsumma. To don Allah a shekarar nan wa yake da agogo? Da za a bi alamomin nan da gaske, da rabin Lambara aka ɗaure, a fara da limamin.

Aka kuma raba wa manyan ƙauyuka oba-oba, wani akwatin magana mai cin batirin mota. Aka ajiye na Lambara a zauren mai gari, aka ɗaura eriyarsa a kan gora. Yadda yake aiki: ka danna maɓalli ka yi magana, ka ce "oba", ka saki, sannan ka ji amsa. Muddin kana danne, kai ba ka jin kowa, kuma ba mai iya katse ka. Abin da ƙauye ɗaya ya faɗa, duk sauran suna ji. Batirin kuwa sai ranar kasuwar Boɗinga ake ɗora shi a mota a kai shi caji, saboda haka Saje ya kafa doka: a faɗi abin da ke akwai, a sauka.

Da aka zo wa zai riƙe na Lambara, ba a yi gardama ba. Wa ke kai saƙon gari in ba Mijinyawa ba?

Saje Mainasara ɗan ƙasar ne, amma ya daɗe a barikin kudu, bariki ta cinye masa gaisuwa. Kowace safiya yakan kira ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, amsar da yake so kuma ɗaya ce cikin biyu: lafiya, ko ba lafiya. Safiyar farko da ya ce, "Lambara, oba," Mijinyawa ya cire takalmi, ya durƙusa gaban akwatin, ya danne maɓalli da babban yatsa.

"Salamu alaikum. Saje, ranka shi daɗe. An kwan lahiya? Ƙaƙa gajiya? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa mutanen Boɗinga? Ina ƙoƙarin aiki? Allah shi taimaka. Ƙaƙa ƙananan ma'aikata?"

Da yake ba ya jin amsa, sai ya riƙa amsa wa kansa da "madalla" yana ci gaba. Daga Saje ya wuce kan mai garin Mandera, tunda an ce masa shi ma yana ji, kuma ba daidai ba ne a gaida wani a tsallake wani. A ƙauyukan nan maza suka riƙa taruwa a zaure da safe musamman don sauraron Lambara, har da masu yin caca da goro a kan wa zai fara gaisarwa bayan Saje. Saje ya yi faɗa, ya yi barazanar ƙwace akwatin. Mijinyawa ya saurara da ladabi, ya danna maɓalli ya ba shi haƙuri, haƙurin ya fi gaisuwar tsawo.

Kalmar "ba lafiya" kuwa ba ta taɓa fita bakinsa ba. A wurinsa butulci ne ga Allah mutum ya wayi gari da rai ya ce ba lafiya. Ranar da gobara ta cinye rumbunan wata unguwa, Saje ya tambaya, ya ce lahiya lau, da niyyar in ya gama gaisuwa ya gangaro kan gobarar a hankali. Saje ya ji "lahiya" ya juya wurin ƙauye na gaba. Sai a kasuwa ya ji labarin wutar. Tun daga ranar, da zarar Lambara ta fara sallama, sai ya rage muryar akwatinsa ya ci gaba da shan shayi.

Hajo tana da ƙane, Mode, wanda ya tafi cin rani Kaduna shekaru da dama ya zarce, yana ga-ruwa. Da rikici ya taɓa unguwar da yake kwana, ya tsira da rigar jikinsa kawai. Ya biyo bayan motocin kaya, inda aka sauke shi ya taka, har ya sauka a bakin titi ya yanko ta daji zuwa gida. Hanyar ta bi da shi ta Mandera da sassafe. Ga gemu ya cika fuska, ga riga ta yage, ga layun da uwarsa ta ɗaura masa tun yana saurayi, agogo kuwa ko a mafarki. Lirwanu, shugaban mafarautan Mandera kuma mai riƙe da akwatinsu, ya dube shi sama da ƙasa ya ga alamomin kwamiti sun cika cif. Mode ya ce shi ɗan Lambara ne. Lirwanu ya ce duk wanda aka kama sai ya ambaci wani gari. Suka ɗaure shi da igiyar jaki, suka ɗan taɓa lafiyar jikinsa don kada a ce ba su yi aiki ba, suka kai shi rumfar Saje.

A yi wa Saje adalci, ya nemi jin ta bakin Lambara. Ya kira da niyyar tambaya ko sun san wani Mode. Amma da Mijinyawa ya ji sunan garinsu, bai jira sauran ba, ya danne maɓalli ya shiga gaisuwa, tambayar ta bi iska. Saje ya jira, ya jira, ya buga tebur, ya yanke hukunci: bayan azahar Landiroba za ta kai mutumin Sakkwato, can su tantance. Kowa kuwa ya san wanda aka shigar can da sunan ɗan tatsine a kwanakin nan, fitowarsa sai wani ikon Allah.

Labarin ya iso Lambara a kan ƙafa, cikin ƙwarya. Atika, mai tallar nono daga rugar ardo, tana Mandera aka yi kamun, kuma ta gane Mode da tafiyarsa, don tun yana yaro yake jefa ƙafar hagu waje. Ta gaya wa mafarautan, suka ce ta je ta sayar da nononta. Ta kuwa zo ta sauke ƙwaryar a tsakar gidan Hajo, ta gaya mata komai, har da zancen Landiroba da azahar, wanda ta jiyo a hanya.

Hajo ta bar gyaɗa a kan wuta. Mace ba ta shiga zauren mai gari, sai ta tsaya a bakin ƙofa, inda duk wanda ke ciki zai ji ta. Ta zayyana wa mijinta abin da ya faru cikin numfashi ɗaya. Mijinyawa ya yi salati, ya duba akwatin. Ƙaramar fitilar da ke nuna ƙarfin batir ta koma ja tana lumshewa, ranar kasuwa kuwa da saura. Gaisuwar safiyar nan ta shanye kusan duk abin da ya rage. Ya ce bari ya yi sallama a gurguje, ya gaida Saje shi kaɗai, sannan ya shigo da maganar.

"Malam," in ji Hajo, "gaisuwa ba ta kwance igiya. In sunka kai Mode Sakkwato, kai ma ka bi shi can ka nemi mai yi maka tuwo."

Mai gari da ke zaune a kan buzu ya sunkuyar da kai kamar yana neman wani abu a carbinsa.

Mijinyawa ya durƙusa. Ya ji kamar an ce ya fita kasuwa ba wando. Ya tuna Mode yana ɗan saurayi, yana tsokanarsa da cewa in ɓarawo ya shigo gidan Mijinyawa sai an gaishe shi kafin a yi ihu. Ya rufe ido, ya danna maɓalli.

"Saje. Mijinyawa na. Mutumin da kunka kama Mode na, ƙanen matata, ɗan Lambara. Kar a kai shi Sakkwato. A maido shi gida. Oba."

Ya saki maɓalli. Fitilar ta lumshe ba ta ƙara buɗewa ba.

Abin da ya biyo baya sai daga baya aka ba shi labari. A rumfar bakin titi Saje ya yi hamdala, ya ce yau dai mutumin nan ya yi magana irin ta mutane, har ya sa a sassauta wa Mode igiya. Bai rufe baki ba sai ga muryar Lirwanu daga Mandera.

"Saje, wanga ba Mijinyawan da munka sani ba na. Ko sallama bai yi ba. Wallahi wuƙa na bisa wuyanai. Mutanen nan sun kama Lambara, su ad da shi, ɗan'uwansu suka so a sako."

Saje ya ce wannan shirme ne, shi ya ba da dokar a taƙaita. Amma ƙauyuka suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da shaidarsa. Wani mai gari ya ce Mijinyawa ya taɓa zuwa gaya masa rasuwar ɗansa, sai da ya tambayi lafiyar dokinsa tukuna. Wani ya ce ko kura ce ta biyo shi sai ya yi mata barka da hantsi. Babu kalma ɗaya a cikin saƙon da ba su fahimta ba. Mai saƙon ne suka ƙi yarda da shi. Saje ya ce to a kira Lambara a ji. Aka kira, shiru. Aka sake kira, shiru. Nan jikin Saje ma ya yi sanyi. Aka ƙara wa Mode igiya a kan ta dā, tunda yanzu ya tashi daga wanda ake zargi ya zama babban kamu, aka jefa shi bayan Landiroba don kada a bar shi a rumfa 'yan'uwansa su zo su ƙwace shi. Motar ta juya wa Sakkwato baya ta nufi Lambara. Lirwanu ya tara mafarauta da bindigogin toka. Ardo ya ji, ya ce mutumin da ya sha raba su da manoma ba za a yanka shi suna kallo ba, ya taso da samarin ruga da sanduna.

A Lambara kuwa ana ta daka. Awaki na kwance a inuwa. Mijinyawa yana zaure ya ƙi cin abinci, yana tunanin da wane ido zai dubi Saje, da mai garin Mandera, da duk dattawan da suka ji shi yana magana a tsaye kamar jaki. Hajo tana bakin ƙofa tana kallon hanya.

Mafarauta suka shigo da rarrafe ta cikin karan dawa. Wata tsohuwa mai tsintar itace ta gan su, ta yi musu sannu, ta tambaye su ko wani abu ne ya faɗi. Suka daka mata harara suka wuce. Aka kewaye zauren. Saje ya laɓe bayan mota ya ɗaga murya ya ce duk wanda ke ciki ya fito hannu a sama.

Mijinyawa ya fito. Ya ga Saje, ya ga ardo, ya ga Lirwanu, ya ga bakin bindigogi. Abin da ya fara damunsa shi ne manyan baƙi irin waɗannan sun zo gari ba a shimfiɗa musu ko tabarma ba. Ya zube a ƙasa.

"Marhaban, marhaban. Saje, ranka shi daɗe, sannu da zuwa. Ƙaƙa hanya? Ardo, Allah shi ba ka nasara, ƙaƙa shanu?"

Lirwanu ya sauke bindiga a hankali, ya juya wurin mutanensa ya ce, "Shi na. Lahiya lau shike."

Hajo ba ta tsaya kallon wannan ba. Ta ratsa tsakiyar maza da bindigoginsu kamar tana ratsa kaji, ta leƙa bayan motar. Mode yana kwance a kan taya, leɓe a fashe, ido ɗaya a kumbure. Ya ce, "Yaya." Ta dube shi, sai ta fara da faɗa: shekara da shekaru ba aike ba saƙo, uwarsu ta rasu tana kiran sunansa, ga shi ya dawo da gemu kamar bunsuru. Daga nan ta juya kan Lirwanu. Ta tambaye shi, a gaban samarinsa, ina nasa agogon. Ta tambaye shi ko yunwa ce yanzu ta zama laifi, don in haka ne ya miƙo hannu a fara da shi. Ta tambaye shi Atika ta gaya masa ko ba ta gaya masa ba. Lirwanu ya ce ai maganar tsaro ba ta mata ba ce. Ardo ya yi tari, ya ce Atika ɗiyar ƙanensa ce, kuma bai taɓa jin ta yi ƙarya ba.

Saje ya nemi mai gari ya yi shaida. Mai gari ya fito ya ambaci uban Mode da kakansa da gonar da suka gada, limami ya ce shi ya raɗa masa suna. Saje ya sa aka kwance igiyar. Ba wanda ya ba Mode haƙuri. Abin da aka ce masa shi ne ƙaddara ce, kuma ya gode wa Allah. Haka ake yi wa talaka: a daka shi, sannan a tuna masa da tauhidi.

Kafin Saje ya hau mota ya ja Mijinyawa gefe. Ya ce masa nan gaba, in batir ya dawo, ya riƙa yin sallama da ɗan abin da ya sauƙaƙa na gaisuwa kafin ya faɗi magana, don shi ba shi da man da zai riƙa kawo yaƙi Lambara. Mijinyawa ya ce to, ya kuma roƙi gafara a kan rashin ladabin ɗazu. Direba ya ta da mota yana cikin roƙon.

Da la'asar Mode yana zaune a tsakar gidan yayarsa. Hannuwansa sun kumbura har ba ya iya yanko tuwo, sai fura Hajo ta dama masa tana riƙe masa ludayi tana ci gaba da faɗa. Mijinyawa ya jawo tabarma ya zauna gabansa don ya yi masa sannu da zuwa yadda ya kamata. Mode ya ce ya ji an ce yau ya yi magana ba gaisuwa, kuma shi da aka yi dominsa yana ɗaure bai more jin ta ba, don Allah ya maimaita. Mijinyawa ya ce ɗan banza, da ya sani da ya bari an kai shi Sakkwato an aske masa gemun kyauta. Sannan ya gyara zama ya fara tambayar hanya, da gajiya, da mutanen Kaduna. Bai kai rabi ba Mode ya jingina da rumbu ya yi barci.

Mode bai sake barin gida ba. Ya kama albasa tare da mijin yayarsa a fadama, ya yi aure, ya tara iyali. Da sojoji suka karɓi mulki aka zo aka kwashe akwatunan, gorar eriyar ta zama abin shanyar matan mai gari. Mijinyawa ya koma kai saƙo da ƙafa har ƙafar ta gaza. Shatin igiya bai bar wuyan hannun Mode ba, kuma har Lirwanu ya mutu, in suka haɗu a kasuwar Boɗinga, Mode sai ya kau da kai. Mai gari ya sha aika Mijinyawa ya sasanta su. Zai je, ya zauna, ya gaida Mode kamar ba tare suka kwana gari ɗaya ba, ya kewayo a hankali har ya iso kan Lirwanu. Mode zai saurara har ƙarshe, sannan ya naɗe hannun riga ya ci gaba da ban ruwa.